Yadda Aka Yi Ta Neman Likitan Talakawa

Tun kafin zuwan Turawa, babu garin da ke ƙasar Hausa wanda ba shi da masu magani. Akwai wanzami, shi ke yin ƙaho da kaciya da cire beli. Akwai maɗori, wanda a kan kai wa mai karaya ko targaɗe. Akwai ungozoma, da boka, da ɗan magori mai yawo kasuwa kasuwa da saiwoyinsa, ga kuma malamai masu rubutun sha. Har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙe-yaƙe, ya wallafa littattafai da Larabci a kan ilmin magani. Waɗannan mutane ba makaranta suka shiga ba. Gado ne, ɗa ya kan tashi yana riƙe wa ubansa zabira, yana kallo, har ran da za a ce masa ya gwada.

Maganinsu wani ya kan yi, wani ba ya yi, wani ma ya kan ƙara ciwon. Agana ta kan shigo gari ta kwashe yara, ba mai iya tare ta. Amma akwai abu guda da su ke da shi wanda ya kamata a lura da shi tun yanzu, don a kansa labarin nan duka ya ke tafiya. Suna zaune cikin mutane. Wanzamin unguwa ya san mai ciwo, ya san ubansa, ya san abin da a ke ci a gidan, ya san ko bana rumbunsu ya cika ko bai cika ba. In dare ya raba aka buga masa ƙofa, tafiyar ba ta wuce taki ɗari ba.

Da maganin Turawa ya zo, sai al'amarin ya juye. Maganin yana da ƙarfi, amma yana nesa. Likitocin farko na Gwamnati an kawo su ne domin Turawa da soja da ma'aikata, asibitocinsu kuwa suna bariki. Talakan ƙauye ya kan haihu ya mutu bai taɓa ganin likita da idonsa ba. Turawan Mishan su ne suka fi kusantar mutane. Likita Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya cikin 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa. A mishan ɗin nan ne aka yi renon Barau Dikko, wanda ya tafi Ingila ya yi karatu a Birmingham, ya komo ya zama likita na farko ɗan Arewa. Asibitin da ke Kaduna mai sunansa domin tunawa da shi ne. To, amma likita ɗaya, ko goma, me za su yi wa ƙasar da aka ƙidaya mutanenta cikin 1952 aka sami wajen miliyan 17?

Dabarar farko da hukuma ta yi ita ce ta ɗakunan magani na En'e, waɗanda aka soma ginawa wajen 1930. A shekarar nan aka buɗe makarantar koyon haɗa magani a Zariya, bayan shekara biyu kuma aka buɗe ta duba-gari a Kano. A kan ɗauki yaro wanda ya gama elementare ko ya taɓa Midil, a koya masa sanin cututtukan da suka fi yawa, da wanke gyambo, da yin allura, da auna magani. In ya gama a kai shi garin Hakimi, a ba shi ɗaki mai ciki biyu, da kabad na kwalabe, da babban littafin rubuta sunayen masu zuwa. Baitulmali ke biyansa, Baitulmali ke sayen maganin. Mutane suka sa masa suna malamin asibiti, a ƙauye kuwa ba a kiransa kome sai likita, shi ma ba ya musu.

Bai kamata a raina aikin malaman nan ba. Kwalaben ba su da yawa: kwinin na masassara, aidin na rauni, maganin wankin ciki, man shafawa na ƙazuwa, da allurar tunjere wadda ta yi suna ƙwarai har mutane suka ɗauka kowace cuta allura ce maganinta. Da ɗan abin nan suka warkar da gyambon da ya shekara biyar yana cin ƙafar manomi. Su ne kuma suka fara sabar wa mutanen ƙauye da zuwa asibiti. Sai dai iyakar saninsu kusa ta ke. Likitan lardi ya kan zo rangadi ya duba littafi da kabad, wani lokaci sau ɗaya a wata, da damina kuwa in rafi ya kawo sai a daɗe ba a gan shi ba. In aka kawo mace wadda ta kwana biyu tana naƙuda, ko mai ƙaba wadda ta murɗe, malamin asibiti ba shi da abin yi sai ya rubuta takarda a kai babban asibiti. Babban asibitin kuwa yana iya zama mil sittin, ga shi ba mota. Da yawa a kan hanya su ke cikawa, bisa jaki ko cikin amuku.

Dabara ta biyu ita ce ta bin cuta guda har gida. Cikin shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna mai yawa a lardin Zariya da na Kano da waɗansu wurare. Aka kafa ma'aikata ta musamman, aka koya wa samari abu kaɗan amma aka koya musu shi sosai: su tsai da mutanen gari layi, su lalubi wuyan kowa ko akwai kaluluwa, su tsotso ruwanta da allura, su duba a madubin likita, wanda aka samu da ƙwayar cutar a yi masa allurai. Daga 1931 zuwa 1940 an duba mutum fiye da miliyan 3, an sami masu cutar kusan 400,000. A ƙasar Anchau aka ga allura kaɗai ba ta isa ba, don muddin ƙudan tsando yana bakin rafi, wanda aka warkar yau gobe zai koma ɗibar ruwa a sake cizonsa. Sabo da haka aka sassare kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon wajen mil 70, aka tashi waɗansu ƙauyuka aka sake musu mazauni, aka haƙa rijiyoyi aka ɗaure su da siminti, aka gina sabon gari kusa da tsohuwar Anchau aka sa masa suna Takalafiya. Ba kowa ya tashi da son ransa ba, aikin saran ma na tilas ne, mutane kuwa sun yi gunaguni. Amma a nan aka fara gani a fili, cewa rijiya da gatari suna iya yin abin da kwalba ba ta yi ba.

Haka kuma aka yi da kuturta. Da fari sai a tara kutare a zango, kamar Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina. Da aka gane a Uzuakoli, can ƙasar Ibo, cewa ƙwayar dafson ta haɗiya tana maganin cutar, sai cikin shekarun 1950 Likita Ross ya baza ƙananan wuraren ba da ƙwaya ko'ina cikin Arewa. Kuturu ya zauna gidansa, ya yi nomansa, ran da aka sa ya zo ya karɓi rabonsa. Aibin irin wannan shiri ɗaya ne. Mai duban ciwon barci ba ruwansa da tarin da yaron ke yi, mai ba da ƙwayar kuturta ba ruwansa da cikin da matar ke ɗauke da shi. Kowa da cutarsa, mutumin kuwa da kansa ba mai shi.

Ana nan kuma ana ta ƙoƙarin samun cikakkun likitoci na ƙasa. Cikin 1930 aka buɗe makarantar likita a Yaba, kusa da Ikko. Ɗalibanta sun sha karatu mai tsanani, amma takardar da a ke ba su ba ta aiki sai a Nijeriya, ana kiransu mataimakan likita, albashinsu kuma bai kai na wanda ya yi karatu a Ingila ba, ko da aikinsu ɗaya. Wannan ya ɓata wa mutane rai ƙwarai, ya sa duk sa'ad da aka sake kawo shawarar a yi likita mai gajeren karatu domin ƙauye, sai a ce ana so ne a ba baƙar fata abin da bai kai ba. Da aka buɗe kwalejin jami'a a Badun cikin 1948, sai aka ɗaura niyya likitanta ya zama daidai da na Landan, ba ragi. Babban asibitin koyarwa na Badun ya buɗe cikin 1957. Gwamnatin Jihar Arewa ta gwada tata makarantar mataimakan likita a Kano a tsakiyar shekarun 1950, amma ba ta yi tsawon rai ba.

Niyyar Badun ta cika, likitocinta sun yi daidai da na ko'ina. Sai wata matsala ta ɓullo wadda ba a yi tsammani ba. Yaron da ya shekara shida cikin asibiti mai hawa-hawa, mai lantarki da famfo, inda kowace gaɓa ta jiki ta ke da gwaninta, in aka kai shi asibitin lardi ya tarar shi kaɗai ne, da fitilar ƙwai da ma'aikatan jiyya biyu, sai ya ga kamar an jefa shi rijiya. Abin da aka koya masa da yawa ba shi da kayan yinsa a nan, abin da a ke bukata a nan kuwa da yawa ba a koya masa ba. Ba abin mamaki ba ne in ya ƙirga kwanaki har ya samu ya koma birni.

Malaman Badun da kansu sun lura da haka. Cikin 1963 suka buɗe wurin koyarwa a Igbo-Ora, cikin ƙasar Ibarapa, da taimakon kuɗi daga gidauniyar Rockefeller, Likita Ogunlesi ne shugabansa na farko. Kowane ɗalibi sai ya je ya yi makonni a can, ya shiga gidaje, ya ga tafkin da a ke sha wanda ke kawo kurkunu, ya ƙirga haihuwa da mutuwa. Kafin wannan kuma, a asibitin Mishan na Ilesha, wani likitan yara, David Morley, wanda ya zo cikin 1956, ya zaɓi ƙauyen Imesi-Ile ya bi 'ya'yansu tun daga haihuwa, don ya san abin da ke kashe su. Ya tarar yawancinsu abubuwa ne 'yan kaɗan: masassara, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, da ƙyanda, da tarin shiƙa, da rashin abinci mai kyau bayan yaye. Ya buɗe wurin duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, inda ma'aikatan jiyya ke ganin yawancin yara, likita kuwa sai mai wuya. Shi ne ya fito da katin awo wanda a ke zana nauyin yaro a kai wata wata, ya kuma ce katin a hannun uwa zai zauna, ba a kabad ɗin asibiti ba. Mutane suka ce matan ƙauye za su yar. Ashe sun fi akawun asibiti iya ajiya. Katin nan da mata ke ƙullewa cikin leda su tafi awo, asalinsa ke nan.

A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyon likita cikin 1967, a zamanin da Likita Ishaya Audu ke shugabanta. Ba ta da katafaren asibiti irin na Badun a lokacin, sai ta yi koyarwa a asibitocin Gwamnati na Zariya da Kaduna, ta kuma riƙa aika ɗalibai Malumfashi. Rashin nan ya zama alheri, don ɗalibai sun ga ainihin cututtukan talakawa. Akwai wani abu da ya faru a Zariya wanda ya isa misali. Likitoci suka ga mata da yawa suna zuwa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciyarsu ta gaza, yawansu kuwa ya wuce abin da littattafan Ingila suka faɗa nesa ba kusa ba. Likita Parry da Likita Davidson ba su tsaya ga gadon asibiti ba, suka bincika abin da mai jego ke yi a gida. Aka gaya musu wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Suka ce kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Daga baya likitocin Kano sun sake bin maganar, suka ga ba al'adar kaɗai ba ce, talauci da ƙarancin wani sinadari na abinci mai suna seleniyam suna da hannu. Ko wanne ne ya fi nauyi, ba a gano shi da abin sauraron ƙirji kaɗai ba, sai da aka tambayi abin da ke cikin tukunya da abin da ke ƙarƙashin gado. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

A Zariyan nan kuma Likita Harrison da abokan aikinsa suka rubuta labarin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979. Abin da lissafin ya nuna mai ban tausayi ne. Matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan abu ya lalace, yawancinsu matalauta, ba su yi makaranta ba, da yawa kuma ƙananan 'yan mata ne masu cikin fari. Waɗanda suka tsira daga doguwar naƙuda, waɗansunsu suka tashi da yoyon fitsari, miji ya sake su, dangi su ƙyamace su. Babbar Ruga, wadda aka gina domin kutare, ita ce daga baya ta zama wurin ɗinke irin waɗannan mata, a hannun Likita Waaldijk mutumin Holan, wanda ya soma aikin cikin shekarun 1980, ya kuma koya wa likitoci da yawa. Amma ɗinki gyaran ɓarna ne. Abin da zai hana ɓarnar shi ne a sami wanda ya iya fiɗa ya ciro jariri, a wurin da mace za ta iya kaiwa kafin gari ya waye.

Can gabas kuma, a Garkiɗa, 'yan Mishan suka bi wata hanya dabam tun daga 1974. Ƙauye ne zai zaɓi mutum biyu nasa, mace da namiji, a koya musu wata uku, su komo. Da ya ke da yawansu karatunsu kaɗan ne, sai aka riƙa koya musu da tatsuniya da waƙa da wasan kwaikwayo, su ma su koyar da haka a dandali. Cikin 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyet ta lokacin, suka amince cewa kiwon lafiya na farko, wanda ke kusa da gida, shi ne tushe. Likita Olikoye Ransome-Kuti, da ya zama Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki maganar da gaske, ya soma da ƙananan hukumomi 52 don su zama abin koyi. Makarantun koyon aikin lafiya da aka buɗe a jihohi suka yi ta fid da ma'aikatan lafiya na karkara. In an duba da kyau, jikokin malamin asibiti na En'e ne, sai dai an faɗaɗa musu karatu.

Duk da haka gurbin nan na tsakiya yana nan a buɗe. Ga ma'aikacin ƙauye a ƙasa, ga gwanin gaɓa ɗaya a sama, babu wanda aka koya wa zama a tsakani da gangan. A Ingila likitocin unguwa sun kafa kwalejinsu tun 1952, a Amurka kuma cikin 1969 aka amince likitan iyali gwani ne shi ma, da nasa karatu na musamman bayan digiri. Da aka kafa kwalejin ƙarin ilmin likitoci ta Nijeriya cikin 1979, sai aka sa wannan fanni cikin sassanta. Wanda ya fi kowa wahala a kan tsara koyarwar shi ne Likita Andrew Pearson, wanda ya shekara fiye da ashirin a asibitin Ilesha, watau inda Morley ya yi aikinsa. An yi babban taro a Badun cikin 1980 a kan yadda za a yi, ba da daɗewa ba aka soma ɗaukar ɗalibai.

Abin da aka shawarta ya bambanta da na Ingila, kuma da dalili. Likitan unguwa a Ingila ba ya fiɗa, in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa sai ya rubuta takarda, babban asibiti yana bayan gida. A nan kuwa rubuta takarda shi ne abin da malamin asibiti ya yi ta yi shekara hamsin, an kuwa ga inda ta kan ƙare. Sabo da haka aka ce likitan nan, bayan ya gama karatun jami'a, ya yi shekarar gwaji a asibiti, ya yi shekarar bautar ƙasa, sai ya ƙara shekara huɗu ko fiye yana zagaya sassa. Ya zauna ɗakin yara, ya zauna ɗakin haihuwa har ya iya ciro jariri ta fiɗa, ya iya gyaran ƙaba, da ɗaurin karaya, da sa barci don fiɗa, da ƙarin jini. Ya san ciwon ido da na kunne da taɓin hankali gwargwadon abin da za a iya yi a ƙaramin asibiti, ya kuma san iyakarsa, watau lokacin da aikawa gaba ita ce daidai. Har lissafin kuɗin asibiti da ajiyar magani da shugabancin ma'aikata aka sa a ciki, don a asibitin karkara in injin lantarki ya mutu, likita a ke zuwa gaya wa.

Wurin koyarwar ma an zaɓe shi da hikima. Ba a fara da manyan asibitocin jami'a ba, sai aka fara da asibitocin Mishan, irin su na Baftis a Ogbomosho da asibitin Evangel a Jos, don a can ne a ke da likitocin da suka saba yin kome da kome da kaya kaɗan. Gwanayen jami'a da fari sun yi wa abin kallon raini, suna ganin wanda ya san kome kaɗan-kaɗan bai san kome ba. Daga baya aka sake wa fannin suna, aka koma kiransa likitancin iyali, aka kuma ƙara nauyi a kan sanin gidan mai ciwo. Ana koya wa ɗalibi ya zana zuriyar mai ciwo a takarda, ya san wa ke ciyar da gidan, wa ke yanke shawara in za a kai mace asibiti, miji ne ko uwar miji. Ana koya masa ya tambayi mai ciwo abin da shi ya ke zaton ya same shi, don wanda ya tabbata sammu aka yi masa ba zai sha ƙwayar hawan jini shekara da shekaru ba sai an zauna da shi. Ana koya masa kuma ya tambayi kuɗin da ke aljihu kafin ya rubuta magani, gama takardar magani biyar ga mai kuɗin ɗaya, shi zai zaɓa da kansa a kanti, watakila kuwa ya zaɓi wanda ya fi arha ya bar wanda zai cece shi. Kafin a ba shi shaidar gamawa sai ya kawo littafin labarin marasa lafiyan da ya bi da kansa, da wani bincike da ya yi, a yi masa tambayoyi a kansu. Wannan duka, in an cire takarda da jarrabawa, sanin nan ne da wanzamin unguwa ya ke da shi kyauta.

Sannu a hankali asibitocin jami'a suka karɓi fannin. Sashen da a ke fara ganin kowane mai ciwo, wanda dā a ke barin wa ƙananan likitoci, ya zama sashen likitancin iyali a Jos da Kano da Zariya da sauransu. Asibitin jami'ar Jos yana da ƙananan asibitoci a Gindiri da Zamko inda a ke aika masu koyo su ɗanɗana zaman karkara. Sai dai a nan wani abin takaici ya faru. Likitan da aka tsara domin asibitin karkara, in ya gama ya zama gwani, kujerar da ta dace da darajarsa da albashinsa tana babban asibitin birni. Tun da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi cikin 1976, aikin lafiya ya rabu uku: manyan asibitocin koyarwa na Tarayya galibi, asibitocin gari na jiha, ƙananan na ƙaramar hukuma. Wadda ta fi kusa da talaka ita ce ta fi ƙarancin kuɗi, ba ta iya riƙe gwani. Ga kuma maganar makarantar 'ya'yansa, da ruwa, da wuta, da tsaron hanya, waɗanda ba wanda zai zarge shi don ya yi tunaninsu. Tun daga shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye, likitoci suka soma fita zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka, likitan iyali kuwa yana cikin waɗanda ƙasashen nan suka fi nema, don su ma ƙauyukansu ba su da shi.

Cikin 2010 aka ga abin da rashin ido a ƙauye ke jawowa. A waɗansu ƙauyukan Zamfara yara suka yi ta mutuwa da jijjiga, ana zaton masassara ce ko sanƙarau, har sai da waɗansu likitocin agaji da suka zo duban sanƙarau suka lura maganin ba ya ci. Da aka auna jinin yaran aka tarar dalma ce, daga dutsen zinariya da a ke daka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Kafin a shawo kan abin an yi hasarar yara wajen 400. Maganinsa kuwa bai tsaya ga ƙwaya ba, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, kamar yadda aka sare kurmin Anchau.

Cikin 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a riƙa ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya na farko. A shekarar nan kuma Gwamnati ta fid da tsarin da ya yarda a koya wa ma'aikatan jiyya da ungozomomi da ma'aikatan karkara waɗansu ayyuka da dā likita kaɗai ke yi, bisa sharaɗin a sami mai duba aikinsu. Mai duban nan, a asibitin gari mafi kusa, shi ne gurbin da aka yi wa likitan iyali tanadi tun taron Badun. Kuɗin dokar kuwa ba a sa su cikin kasafin Tarayya ba sai 2018.